Na'urar Nuna Hanya ta Mota: Ta Ƙware a Auna Gudu, Ta Gaza a Sanin Iyakarsa

Mafi yawan na'urorin nuna hanya da ake maƙalawa a gilashin gaban mota, irin jerin DriveSmart na kamfanin Garmin da jerin GO na TomTom, suna nuna lambobi biyu a gefen allo: gudun da motar take yi, da iyakar gudun da doka ta yarda da shi a wannan hanya. Masu saye da yawa suna ba lambobin nan amana iri ɗaya, alhali tushensu ya sha bamban.

Lambar gudun mota tana fitowa ne daga taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke kewaya duniya a tazarar kimanin kilomita 20,200, kuma na'urar tana buƙatar saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta tantance inda take. A miƙaƙƙiyar hanya wadda babu abin da ya tare sama, wannan lissafi yakan fi na malejin motar daidai, domin ƙa'idar da ake bi a Turai da wasu ƙasashe ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya zarce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Ke nan motar da ke tafiyar kilomita 100 a sa'a za ta iya nuna har 114 ba tare da an ce malejin ya lalace ba. A nan na'urar ta cancanci yabo, sai dai a hanyar ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen gine-gine saƙon yakan yanke.

Lambar iyakar gudu kuwa ba ta da alaƙa da tauraro. Rubutacciya ce a cikin taswirar da aka ɗora wa na'urar, kuma na'urar ba ta ganin allon da ke bakin titi. Garmin ya dogara sosai da taswirar kamfanin HERE, TomTom kuma yana da tasa tun da ya sayi kamfanin taswira na Tele Atlas a 2008, kuma dukansu suna tattara bayanai daga motocin safiyo da hukumomin hanya da rahoton direbobi. Tsakanin ranar da hukuma ta canza allo da ranar da canjin zai isa motarka akwai jinkiri, kuma jinkirin yana ƙaruwa idan mai na'urar bai damu da sabunta ta ba. A watan Yuli na 2018 Faransa ta rage iyakar gudu daga kilomita 90 zuwa 80 a hanyoyin karkara masu hannu biyu da babu shinge a tsakiyarsu, daga baya wasu yankuna suka mayar da 90 a wasu hanyoyin. A Satumban 2023 yankin Wales na Birtaniya ya mayar da mil 30 zuwa mil 20 a sa'a a yawancin titunan unguwanni. Duk wanda ke riƙe da tsohuwar taswira a irin waɗannan lokuta, na'urarsa za ta yi shiru yana karya doka.

Akwai kuma abin da sabuwar taswira ma ba ta cika kamawa ba: iyakar wucin gadi a wurin gyaran titi, allunan lantarki da ke sauya lamba gwargwadon cunkoso, ƙa'idar lokacin tashin makaranta, da ragin da doka ta ɗora wa babbar mota ko mai jan tirela. Idan ƙaramar hanya ta bi gefen babba, ko gadar sama ta hau kan wani titi, na'urar takan ɗora ka a kan wadda ba ita kake bi ba, ta nuna maka iyakar maƙwabciya. Kamfanonin sun san da wannan, shi ya sa littafin bayanin Garmin ya fayyace cewa lambar don tunatarwa ce kawai, kuma nauyin bin allon hanya yana wuyan direba.

Saboda haka, a ganina, abin da ya fi girman allon na'urar muhimmanci wajen zaɓen wadda za a saya shi ne yadda ake sabunta taswira. Na fi son wadda ke sauke sabon bayani da kanta ta Wi-Fi, domin wadda sai an jona ta da kwamfuta yawanci mantawa ake yi da ita. Alkawarin sabuntawa kyauta har abada yana buƙatar a karanta sharuɗɗansa, tunda kamfani ne ke yanke ranar da zai daina kula da tsohon samfuri. A duba kuma ko ana iya saita ƙarar gargaɗi, don wadda ke kuka a kowane ɗan ƙari takan gundiri direba har ya kashe ta.

Manhajojin waya irin Waze, wadda Google ya saya a 2013, sun fi saurin samun gyara saboda direbobi ne ke kai rahoto, amma suna buƙatar intanet. Mai ƙetare iyakokin ƙasashe kuma ya lura da gargaɗin kyamarorin kama masu gudu, domin a Jamus doka ta hana direba amfani da shi yayin tuƙi, dole ne a kashe shi kafin a shiga ƙasar.