Kwas ɗin tsaron kwamfuta da ya kusa sa ni asarar aikin mutane

Shagon buga takardu gare ni a kan titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos, kuma kwamfutar shagon cike take da aikin ɗalibai. Shi ya sa na biya kuɗin kwas na mako shida a wata cibiya da ke wajen Terminus, Asabar da Lahadi. Kuɗin dai kun san yadda yake, ba sai na faɗa ba.

A mako na uku malamin ya sa muka kunna BitLocker, wato abin da ke kulle duk bayanan da ke cikin kwamfuta yadda ko ɓarawo ya ciro faifan ba zai iya karanta komai ba. Maganar adana lambar buɗewa sau ɗaya ya yi ta, yana danne-danne a waya. Na sa tawa a filas, yaron shagona ya goge filas ɗin ya zuba wa wani waƙoƙi.

Bayan wata guda kwamfutar ta samu matsala, mai gyara ya canja mata allon ciki. Ina kunnawa sai ga shuɗin allo yana neman lambobi 48, wato lambar buɗewar nan. Wata ɗalibar ajin ƙarshe na tsaye a kaina, tana cewa, "Kawu, gobe fa zan miƙa aikina." Wallahi duk sanyin Jos sai da zufa ta keto min. Na kira malamin ya fi sau goma, shiru, har na gama tsine wa kwas ɗin a zuciyata.

Bayan isha'i ya kira, ya ce in shiga asusuna na Microsoft ta waya. Ashe ranar ya sa mun ajiye lambar a can ma, ni ne ban lura ba. Ta buɗe. A nan kam na sara masa. Kuma daga bakinsa na ji cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ya kuma nuna min yadda zan buɗe wa yaron shago asusun da ba zai iya saka manhaja ba sai da izinina.

Amma fa Linux ɗin da suka cika mu da shi a talla, wato wata babbar manhajar kwamfuta irin Windows, rana ɗaya aka taɓa shi, ita ma janareto ya mutu a tsakiya. Takardun darasi da muka biya kuɗinsu daban, har yau "sai mako mai zuwa" ake ce min.