Saƙo daga Faransa kan abin da ke cikin buhun abincin kaji

Yaya, ina gaishe ka da mutanen gida duka, da fatan zafin Maradi ya zo muku da sauƙi. Ka ce in ba ka labarin kajin nama na nan yankin Bretagne, inda nake aiki a mayankar kaji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar da ke tare da kowane buhun abinci. An rubuta abin da aka zuba a ciki dalla-dalla, har da sileniyom. Ma'adini ne da jikin kaza ke buƙatar ɗan ƙanƙaninsa, yana aiki tare da bitamin E wajen kare tsoka daga lalacewa, balle idan zafi ya matsa wa kaza. Dokar Tarayyar Turai ta hana ya wuce miligiram 0.5 a kilo ɗaya na abinci, wato rabin giram a buhu 20 masu kilo 50. In ya yi yawa guba ne. In kuma ya yi kaɗan, sai ruwa ya taru a ƙarƙashin fatar ƙirji, wurin ya yi kore-kore, tsoka ta koɗe, kajin su tsumbure. Iri biyu na sileniyom aka fi sayarwa: sodium selenite mai araha, da wanda ake haɗawa da yisti, mai tsada amma ya fi zama a cikin naman ƙirji. Mai kiwon da bai yarda da abincin da aka kawo masa ba yana iya ɗiba ya aika ɗakin gwaji a auna masa.

A wajenmu fa? Mutum ya sayi masara da dussa da tunkuza, sannan a ƙulla masa firimis, wato garin bitamin da ma'adinai irin su sileniyom da ake haɗawa da abincin kaji, a leda, ba suna ba kwanan wata, ledar kuma ta sha rana a rumfar kasuwa. Bitamin ba ya jure wannan. Kuma abin da ma'auninsa bai kai giram ba, ba ya gaurayuwa don an watsa shi a kan tsibin masara an juya da shebur sau biyu. Wata kaza ta ci fiye da kima, goma ba su samu komai ba. Wallahi wannan yana damuna, don na san wahalar da kake sha kafin ka haɗa kuɗin 'yan tsaki daga Najeriya.

Sai dai kada ka yi sha'awar duk abin da suke yi. Kazar nan kwana 35 zuwa 40 ake yanka ta. A teburin da muke cire ƙirji, wani in ka danna da babban yatsa ba ya lotsawa, tauri kamar itace, ga layukan farin kitse sun bi tsawon naman. Gefe ake ware irin waɗannan, su tafi wajen niƙa. Tsokar ce ke girma da saurin da jijiyoyin jini ba sa iya bin ta, sai wani sashe ya rasa iska ya lalace. Sileniyom yana taimaka wa nama ya riƙe ruwansa bayan yanka, amma ba ya kawar da wannan taurin, sai an rage gaggawar girman. Shi ya sa masu hali a nan suke sayen kaza mai tambarin Label Rouge, wadda doka ta ce sai ta kai kwana 81, kuma kuɗinta ya fi sosai. Ko ita, a bakina, ba ta kamo zabon da ake gasawa a Maradi ba.

Don Allah ka daina sayen na ƙulli. Ka nemi firimis mai rufaffen buhu da takarda, ka ajiye shi a ɗaki mai inuwa nesa da bango. Wajen haɗi ka fara cuɗa shi da tiya ɗaya ta dussa, ka ƙara masara kaɗan-kaɗan har ya game. In ka saya, ɗauko hoton takardar ka turo mini ta WhatsApp in nuna wa likitan dabbobi na nan.