Kuroshiyanci da Malayalam: ina wahalar kowannensu take?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai dangantaka tsakanin harshen Kuroshiya da harshen Malayalam, da kuma wanda zai fi yi wa Bahaushe sauƙin koyo. Amsar tambaya ta farko gajeriya ce, domin ba tsatso ɗaya suka fito ba. Kuroshiyanci ɗan gidan harsunan Silabawan kudu ne, kuma shi ne harshen hukuma a Kuroshiya, ƙasar da al'ummarta ba su kai miliyan 4 ba a ƙidayar 2021, sannan yana cikin harsuna uku na hukuma a Bosniya, ya kuma shiga jerin harsunan Tarayyar Turai a 2013. Shi kuwa Malayalam ɗan gidan harsunan Dirabidiya ne na kudancin Indiya, ɗan'uwan Tamil na kusa, kuma harshen jihar Kerala, wadda aka kafa a 1956 bisa iyakar masu magana da shi, waɗanda ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna sun kusa miliyan 35. Idan ka ji wata kalma ta yi kama, kamar dan a Kuroshiyanci da dinam a Malayalam, dukansu da ma'anar rana ko yini, to aro ne ya kawo haka, saboda Malayalam ya kwashi kalmomi masu yawa daga Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wanda shi ne ke da dangantaka ta nesa da harsunan Silabawa.

Tambaya ta biyu ce take bukatar a zauna a kanta. Ta fuskar rubutu, Kuroshiyanci yana karɓar baƙo hannu bibbiyu. Haruffansa 30 ne, na boko, a tsarin da Ljudevit Gaj ya fara shimfiɗawa a 1830, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa, kamar dai Hausar boko. Kalmar kuća, wato gida, Bahaushe zai karanta ta kuca, ya kusa dacewa. Abin da zai ɗaure masa harshe shi ne cunkoson baƙaƙe, domin mu mun saba kowace gaɓa tana da wasali, alhali su suna cewa prst ga yatsa, krv ga jini, har ma suna da tsibiri mai suna Krk. Rubutun Malayalam kuwa sai an ba shi lokacinsa. Kowane baƙi yana ɗauke da wasalin a a cikinsa, sauran wasula ana rataya su gabansa ko bayansa ko ƙasansa, baƙaƙe biyu kuma sukan narke su zama siffa guda, kuma yawan waɗannan siffofi ne ya sa gwamnatin Kerala ta sauƙaƙa rubutun a 1971 saboda ɗab'i da na'urar buga rubutu.

Sai dai da zarar an shiga nahawu, lissafin yana juyewa. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta nahawun Larabci ya san yadda ƙarshen suna yake sauyawa tsakanin rafa'u da nasabu da jarru. To, Kuroshiyanci yana da irin waɗannan halaye har guda 7. Gida kuća ne, a cikin gida u kući, shiga cikin gida u kuću, daga gida iz kuće, gaban gida pred kućom, kuma waɗannan ƙarshe na sunayen mata ne kawai, domin na maza daban suke, na jinsi na uku, wanda ba namiji ba ba mace ba, su ma daban, sannan sifa dole ta bi sunanta a jinsi da adadi da hali. Ƙirga ma tana da nata sharaɗi: tebur ɗaya jedan stol, biyu dva stola, biyar pet stolova. Malayalam shi ma yana sauya ƙarshen suna, amma ta hanyar liƙa ɗafi a jere: viidu gida, viittil a gida, viittileekku zuwa gida, viittil ninnu daga gida. Ɗafin nan na il kusan shi ne za ka riƙa tararwa a jikin sunaye iri-iri, don haka abin da ka koya yau zai yi maka aiki gobe.

Aikatau ne ya fi ba ni sha'awa. A Malayalam, vannu na nufin an zo, kuma ba ya motsi ko wane ne ya zo: njan vannu, nii vannu, avan vannu, aval vannu, daidai da yadda muke cewa na zo, ka zo, ya zo, ta zo, kalmar zo tana nan yadda take. Wannan wani abu ne da ya raba shi hatta da Tamil. A Kuroshiyanci kuwa namiji zai ce došao sam, mace ta ce došla sam, kuma yawancin aikatau tagwaye ne, ɗaya na aikin da ke gudana kamar pisati, ɗaya na aikin da aka kammala kamar napisati. Inda Malayalam zai gwada haƙurinka shi ne aikatau yana zuwa a ƙarshen jimla, kuma kalmar mu iri biyu ce, nammal idan da wanda kake yi wa magana a ciki, njangal idan ban da shi.

A ganina kunnen Bahaushe ya fi dacewa da Malayalam, tunda dogon wasali da gajere da nanata baƙi duk suna sauya ma'ana a cikinsa, kamar yadda muke rarrabe gari na alkama da gari na mutane, ko kuma daba da dabba. Aikin da zai rage shi ne na baƙaƙen da ake naɗe harshe wajen furta su, musamman wanda ake rubutawa zh a mazha, wato ruwan sama, da sunan birnin Kozhikode. Saboda haka, in karatu da wuri kake so, Kuroshiyanci zai ba ka shi cikin kwanaki, kuma zai buɗe maka Sabiya da Bosniya da Montenegro, inda ake fahimtar juna ba tafinta. In kuwa magana da mutane ce bukatarka, zan ce ka jure wa rubutun Malayalam, musamman ganin yawan 'yan Kerala da ke aiki a Saudiyya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Akwai kuma inda Larabci ya haɗa mu da su duka. Kuroshiyawa suna kiran sa'a sat, aljihu kuma džep, kalmomin da suka iso musu ta hannun Turkawan Daular Usmaniyya daga tushen da namu suka fito. Musulmin Kerala kuwa, waɗanda ake kira Mappila, sun daɗe suna rubuta harshensu da haruffan Larabci da aka ƙara wa ɗigo domin sautukan da Larabci ba shi da su, suna adana waƙoƙin addini da na tarihi a cikinsa, kamar yadda malamanmu suka yi da ajami.