Ektar 100 ko Velvia 50, wanne za ka ɗauka zuwa duwatsun Jos?

Salam ɗan uwa. Da farko dai hotunan nan naka na Dutsen Zuma da na Gurara sun yi, musamman wanda ka tsaya nesa ka bar gonar masara a gaba, dutsen a baya gajimare ya rufe masa kai, wallahi an ga idon mai aiki a wurin, don da yawa in sun je Zuma sai su ɗauko shi tsirara daga bakin titi kamar na jikin naira 100, kai kuwa ka nemo masa abin da zai nuna girmansa. Ka ce da fim ɗin Kodak Gold 200 ka ɗauka a kyamarar Pentax K1000, kuma yanzu za ka Filato wajen Riyom da Shere kana tambaya tsakanin fim ɗin Ektar 100 da na Velvia 50 wanne ya fi dacewa da hoton daji da duwatsu. To ga yadda nake ganinsu.

Abu na farko, ba jinsi ɗaya ba ne ma. Ektar nagatif ne irin Gold ɗin da ka saba, Kodak ta fito da shi a 2008, kuma da ruwan C-41 ake wanke shi, wato duk mai wankin da ya wanke maka Gold zai wanke maka shi ba wata magana. Velvia na Fujifilm ne kuma silaid ne, in an wanke shi hoton ne da kansa yake fitowa a jikin fim ɗin da launinsa na gaskiya, ka ɗaga shi a haske ka gani da idonka. A 1990 ya fito, kuma shi ne ya janye masu hoton daji da yawa daga Kodachrome, silaid ɗin Kodak, a lokacin, har Fuji ta daina yin sa a 2005 mutane suka yi ta ƙorafi aka dawo da shi a 2007. Shi ruwan E-6 yake so. Ka fara tambayar mai wankinka tun kafin ka fitar da ko sisi, kana yin E-6? Don yawancin masu wanki C-41 kawai suke da shi, in kuma wani ya ce maka ai kawo kawai duk ɗaya ne ya tsoma maka Velvia a C-41, to nagatif zai fito mai wani irin launi a karkace, akwai masu yin haka da gangan don ado amma ba don haka ka kashe kuɗinka ba.

Sai maganar da ta fi komai a wurina, wato haƙurin fim da kuskuren haske. Velvia ba shi da haƙuri ko kaɗan. Tsakanin wurin da ya fi haske da wurin da ya fi duhu kusan sitop 5 yake iya riƙewa (sitop 1 shi ne ninka haske sau biyu ko raba shi biyu), abin da ya wuce nan sama ya koma fari fat, abin da ya yi ƙasa ya koma baƙi ƙirin, kuma a silaid in gajimare ya ƙone ya ƙone kenan, babu sikana ko kwamfutar da za ta dawo maka da shi. Rabin sitop ma in ka kuskure sai ka gani. Yanzu ka duba hotonka na Zuma ɗin nan, sama tana da haske sosai, gefen dutsen yana cikin inuwa, gonar tana tsaka-tsaki. Da Velvia ka ɗauka da dole ka zaɓi ɗaya, ko gajimaren ko dutsen, sai dai in kana da filtar nan mai rabin duhu da ake sa wa ta rage hasken sama kawai. Ektar zai riƙe maka duka ukun in ka auna daidai. In ka ƙara masa haske da sitop 1 ba ya damuwa, abin da ba ya so shi ne a rage masa, nan take inuwa za ta koma wani shuɗi-shuɗi mara daɗin gani. Shi ya sa awon nasu ma ya bambanta, a Velvia wurin haske kake karewa, a Ektar inuwa kake aunawa ka bar sama ta ji da kanta. Mitar auna haske ta K1000 kuwa matsakaicin hasken duk abin da ke cikin firam take ba ka, in sama ta cika firam ɗin sai ta ruɗe ta ce haske ya yi yawa, don haka ka riƙa karkata kyamarar ƙasa kaɗan ka auna sannan ka ɗago ka ɗauka. Da Ektar wannan dabarar ta isa, da Velvia gara ka ƙara da mitar waya ko ta hannu ka kuma ɗauki abu ɗaya sau uku, daidai, rabin sitop sama, rabin sitop ƙasa, kaga fim mai hoto 36 ya koma 12 kenan.

Launi kuma, nan ne Velvia yake da bakin magana gaskiya. Koren damina a Velvia wani abu ne daban, ciyawa da ganye su yi shar, jar ƙasa ta ƙara ja, sama bayan ruwa ya ɗauke ta yi shuɗi mai zurfi, da asuba kuma yana jan komai zuwa ruwan hoda da shanshanbale. Ektar ma yana da launi mai ƙarfi, ya fi Gold nesa, jansa da shuɗinsa suna fita sosai, kuma ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai don Kodak da wannan take tallarsa, wannan ɗan yashi-yashin da ya fito a saman hotonka na Gurara ba za ka gan shi haka ba. Amma koren Ektar bai kai na Velvia ba, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Sannan launin Ektar rabi yana hannun mai sikanin, nagatif ne, shi yake juya shi, rol ɗaya ka kai wa mutum biyu su ba ka launi biyu. Silaid kuwa ga asalin nan a hannunka, in sikanin ya kauce ka nuna masa. In akwai mutane a hoton, misali makiyayi da shanunsa a gindin dutse, dukansu biyu ba gwanayen fata ba ne, amma Velvia ya fi tsanani, fuskar da ke cikin inuwa sai ta dushe gaba ɗaya.

Kar ka manta da gudun fim, wato ISO, in lambar ta yi ƙasa fim ya fi buƙatar haske. Velvia ISO 50 ne fa, da rana tsaka in buɗin ido yana f/16 shota a 1/60 na daƙiƙa kake, Ektar f/16 a 1/125. Ka ɗora filtar folaraiza mai rage ƙyalli ta cinye maka kusan sitop 2, yamma ta yi, to ba ƙafar kyamara ba Velvia. In kuma za ka yi irin na Gurara a Assop, ruwa yana zuba ka bar shota a buɗe, Velvia 50 daga daƙiƙa 4 yake fara neman ƙarin lokaci kuma launinsa ya fara jan kore, Ektar kuwa Kodak ta ce har daƙiƙa 1 babu gyara, bayan nan sai ka gwada da kanka.

Inda zan ce maka ɗauki Velvia ido rufe shi ne lokacin hunturu. In hazo ya sauka komai ya yi fari-fari, duwatsu sun jeru ɗaya bayan ɗaya kowanne ya fi na gabansa dushewa, babu inuwa mai ƙarfi babu haske mai ƙarfi, to duk abin ya shiga cikin sitop 5 ɗin nan nasa, kuma ƙarfin launin nasa shi zai tashi hoton da a nagatif zai fito a kwance. Haka da sassafe kafin rana ta fito, ko ranar da hadari ya rufe ko'ina in ka cire sama daga firam.

Amma tafiyar nan taka ta damina ce, kuma wannan ne karonka na farko da barin Gold, don haka ni Ektar nake ba ka shawara, ya kuma fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi, Velvia yanzu nemansa ma aiki ne. In ka samu rol ɗaya kuma ka tabbatar da inda za a wanke, sa shi a firij cikin robarsa ka ajiye wa Disamba, ranar da za ka yi amfani da shi ka fito da shi ya huce kamar awa 2 kafin ka buɗe don kar ya yi gumi. A mota ma kar ka bar fim a gaban gilashi, zafi yana canza masa launi. Ektar ɗin ka saita mitarka a 80 maimakon 100, ka je Riyom da sassafe, in ka dawo ka turo mana mu ga yadda duwatsun suka fito.