Lauyan ko-ta-kwana: yadda ake raba shari'ar marasa ƙarfi a Ingila da yadda take a gida

Jama'ar Zazzau, salamu alaikum. A nan Ingila, idan 'yan sanda suka tsare mutum, wata doka ta 1984 ta ba shi damar ganin lauya, kuma a caji ofis ba ya biyan ko kwabo, attajiri ne ko mai wankin kwano. Lauyan kuwa galibi mai zaman kansa ne.

Ofishin lauyoyi yakan ƙulla kwantiragi da hukumar tallafin shari'a, wadda aka kafa a 2013, sai a sa lauyoyinsa cikin jadawalin lauyoyin ko-ta-kwana na yankinsu, wato masu jiran kira a kowane lokaci. Ɗan sanda ba shi da ta cewa kan wanda zai zo. Wata cibiya yake kira a waya, ita ce za ta duba wanda layi ya zo kansa, ko da ƙarfe uku na dare ne. Wanda ke da lauyansa sai ya faɗi suna a nemo shi. A wasu ƙananan laifuka shawara ta waya kawai ake bayarwa. Sai an je kotun majistare ake auna samun mutum da nauyin tuhumar kafin hukumar ta biya masa kuɗin lauya.

Kada a ɗauka aljanna ce. Kuɗin da hukumar ke biyan lauya na zuwa caji ofis galibi ƙayyadajje ne, awa biyu ya yi ko yini guda, a 2014 kuma aka zabge kashi 8.75 cikin ɗari na ladan. Matasa suna gudun aikin, a 2022 har lauyoyi masu tsayawa gaban alƙali suka yi yajin aiki.

A gida Najeriya ma muna da tamu hukumar tallafin shari'a tun 1976, dokarta ta yanzu ta 2011 ce, kuma ta tanadi rajistar lauyoyi masu zaman kansu. Sai dai ma'aunin samun tallafinta shi ne kada samunka ya wuce mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 tun 2024, aikin kuma, ban da lauyoyin hukumar, yana dogara da 'yan hidimar ƙasa da masu yi don Allah. Shi ya sa wanda aka kama a Sabon Gari yakan sa hannu a takardar bayaninsa tun 'yan uwansa ba su gama jigilar neman lauya ba, wannan takarda kuwa ita za ta bi shi har kotu. Mai ɗan uwa a tsare ya fara da ofishin hukumar a Kaduna, ko ya tambaya a tsangayar shari'a ta ABU da ke Kongo.