Horon ciyar da yara a asibitin unguwarmu ya cancanci a je

Duk uwar da aka yi wa tayin horon abinci mai gina jiki da wata ƙungiya ke shirya wa mata a ƙaramin asibitin unguwarmu a nan Potiskum, ina ba ta shawara ta je. Ni sana'ata awara, ina kuma riƙon jikoki biyu. Kyauta ne, kuma rabin zaman a gindin murhu ake yin sa.

Malamar ma'aikaciyar lafiya ce mai haƙuri. Ta fara da awon dantse. Ta raba mana tef mai launi uku, ta sa kowacce ta gwada a hannun hagun ɗan maƙwabciyarta, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Ta kuma nuna mana yadda ake danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa a ƙirga uku. In gurbin ya zauna a ƙafafu biyu, kumburin tamowa ne, asibiti za a nufa ranar, ko da tef ya nuna kore.

Inda na fi ƙaruwa shi ne haɗa garin kunun yara da ake kira Tom Brown. Mudu 6 na gero ko dawa ko masara, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa. Mu muka tsince, muka wanke, muka shanya, muka soya kowanne daban har ƙamshi ya tashi, aka ɓare waken aka sheƙe, sannan aka kai inji. Da aka dama, wata yarinya mai goyon fari ta tsinka nata da ruwa yadda aka saba yi wa yara. Malama ta ɗebo a cokali ta karkata shi, ya zube tas. Ta ɗebo nata, ya tsaya. Ta ce, "Ƙanwata, cikin yaro ƙarami ne. In kin cika shi da tsararo, ruwa ya sha." Shekaru ina juya waken suya, amma sai a wurin na ga yadda zai shiga kunun jariri.

An yi ta ja-in-ja kan nono zalla na wata 6. Wata dattijuwa ta ce a zafin Yobe hana jariri ruwa zalunci ne. Malama ba ta ɗaga murya ba. "Inna, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne," in ji ta, ta kuma roƙi a daina matse dakashi a zubar, domin shi ne kariyar farko ga jariri. Ta ja kunnenmu kan madarar gyaɗa ta leda da asibiti ke bayarwa: magani ce ta yaron da ya faɗa ja, ba ta rabo da yayye ba, ba ta sayarwa ba, kuma Tom Brown ba ya maye gurbinta.

Akwai inda suka gaza. An ce horon ya haɗa da masu juna biyu, tsofaffi da masu buƙata ta musamman, amma su sai a gurguje aka taɓo su, ɗan bayani kan zogale, ƙwai da ƙwayar ƙarin jini. Takardun da aka raba da Turanci suke, alhali yawancinmu Hausa ko ajami muke karantawa. Wata bazawara ta tambayi inda za ta samo kuɗin wake da gyaɗa, aka ce mu haɗa kai kamar adashi mu niƙa tare. Mu biyar a layinmu mun fara hakan, sai dai wadda ba ta da abin zubi har yanzu tana waje.

Mai zuwa ta tafi da tabarma da ruwan sha, don rumfar ba ta ɗaukar kowa, kuma ta nemi a ba ta tef ɗinta ta tafi da shi gida.