Hattara da masu "gyaran shafi" da ke yawo a Yamai

Jama'a, musamman masu makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci da ƙungiyoyi a nan Yamai, ku buɗe ido. Akwai wasu samari da ke farautar shafukan intanet da suka daina buɗewa. Su kira mai shafin su ce ƴan kutse sun shiga, in ba a biya jaka 150 yau ba, komai zai salwanta. Galibi ƙarya ce tsagwaronta.

Abin da yakan faru, kamfanin da ke ba shafin masauki ne ya sabunta sabarsa, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, shafin kuwa tsoho ne. Apache, PHP da MySQL, manhajojin da ke tafiyar da shafi a kan sabar, kamar duwatsun murhu suke, ɗaya ya goce tukunya ta kife. Tun PHP 7, wanda ya fito a ƙarshen 2015, aka cire mysql_connect, umarnin da ke haɗa shafi da rumbun bayanai, don haka shafin da aka gina da shi sai ya yi fari fat ko ya nuna kuskure 500. MySQL 8 na 2018 kuma ya sauya hanyar tantance kalmar sirri, tsohon PHP ya kasa shiga rumbun bayanai. Babu hannun ɓarawo a ciki.

Na ga aikinsu da idona a wata makaranta a Yantala. Darakta ya biya, ya miƙa kalmar sirrin cPanel, wato wurin sarrafa asusun masaukin shafin. Yaron ya shiga, ya mayar da PHP zuwa 5.6, shafi ya dawo nan take, aka yi ta sa masa albarka. To ai PHP 5.6 an daina toshe masa ɓaraka tun ƙarshen 2018. Wato yanzu ne ƙofa ta buɗe wa ƴan kutsen gaske. Abin da ya fi ƙona mini rai, kafin ya fita ya sauya kalmar sirri da imel ɗin asusun. Yanzu duk wata sai ya nemi jaka 20 "na kulawa", kuma sakamakon ɗalibai da lambobin wayar iyayensu duk suna hannunsa. Amanar mutane ce fa!

In shafinku ya mutu, ku fara tuntuɓar kamfanin masauki, ku tambaye su ko sun sauya sigar PHP ko MySQL, su turo muku rajistar kurakurai. A ciki za a ga layin da ya jawo matsalar. Ku sauke kwafin rumbun bayanai ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun, kafin kowa ya taɓa komai, kuma kada ku ba kowa babban asusu. Ku buɗe wa mai gyara nasa, ku rufe in ya gama.

Mai gyaran gaskiya a kan kwafi yake gwaji, ya mayar da tsohon rubutun zuwa mysqli ko PDO, hanyoyin da suka maye gurbin mysql_connect, ya sabunta WordPress, manhajar gina shafi, da kayan da aka ɗora masa, sannan ya rubuta muku abin da ya yi. Don Allah ku tura wa duk mai shafi da kuka sani, har ƴan'uwanmu na Tahoua.